Nomau Maƙeri da Motar da Aka Kira Kunkuru

Bana shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Nomau Maƙeri na Dakoro. Ya rasu da kaka, ana cikin ɗaurin damman hatsi, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. A duk shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kansa ba, ko da yake na yi aikin mushe a lakwal, wato malamin makaranta, har na aje alli, kuma na sha rubuta ta'aziyyar mutanen da ban sani ba kamar yadda na san shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana wani labari ne da na ji a rediyo, cewa ana shirin gina masana'antar ƙera motocin soja masu sulke a wannan yanki namu, kuma 'ya'yan ƙasa ne za su yi aikin. Mai karanta labarin ya ce ba a taɓa yin irin haka ba. Yana da gaskiya in ana maganar masana'anta ta sosai. Amma a ƙarshen zamanin Faransawa an taɓa fara wani abu mai kama da haka a garinmu, bai yi nisa ba, kuma mahaifina yana tsakiyarsa.

Ina ƙarami ƙwarai a lokacin. Yawancin abin da zan faɗa ji na yi daga bakin mutum uku bayan na girma: Baba da kansa, da Innarmu, da surukina Agali. Ba ko'ina maganarsu ta zo ɗaya ba, kuma ban yi ƙoƙarin daidaita ta ba.

Dakoro ta wancan zamani ƙaramin gari ne da bai daɗe da samun bariki ba. Maƙerar Baba tana ƙarƙashin wata rumfar kara a bakin kasuwa. Ƙarfe abu ne mai wuyar samu. Hauya in ta cinye sai a mayar da ita wuƙa, wuƙa in ta siɗe ta zama aska, aska ta ƙare a basilla. Manoma sukan kawo aikinsu da bazara, in kaka ta yi su kawo wa maƙeri damin hatsi, da wannan muke ci. Cikin masu zuwa maƙerar akwai Agali, makiyayi ne daga arewa, can gaba da Azagor. Duk shekara bayan an kawar da amfanin gona yakan gangaro da shanunsa su ci kara, ya kawo wa Baba cuku da man shanu, Baba ya gyara masa wuƙa da ƙarfen guga da abin da ya lalace na sirdin raƙumi. Sun yi shekaru a haka tun suna samari.

Wata shekara sai ga wani lajidan, hafsan soja Bafaranshe, ya iso da tsofaffin manyan motoci uku, bayansa kuma ana ta kawo faya-fayan ƙarfe ta hanyar Maraɗi. Mutanen gari suka sa masa suna Mai Lofe. Tafinta ya bayyana cewa ana yaƙi can ƙetaren Sahara, ana tsoron kada ya malalo kudu, saboda haka za a gina babban ɗaki kusa da bariki inda za a riƙa lulluɓe motoci da ƙarfe don sintirin arewa. Aka ce abin zai girma, har wata rana duk motocin sojan wannan gefe a Dakoro za a riƙa sa musu sulke. Aka tara maza daga Kornaka da Ɗan Gulbi da ƙauyukan kewaye suna kwaɓa ƙasa. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, da shanu ake jan guga, sai ginin ya riƙa shanye ruwan gari. Inna ta ce a watannin nan mace takan fita da tulu da hantsi, ba ta dawowa sai azahar, domin sai magina sun ɗiba tukuna.

Da katanga ta tashi aka rufa kwano, sai aka aika wa sarakuna su turo maƙera. Yawancinsu ja da baya suka yi ta yi, wannan ya ce ciwon baya, wancan ya ce uwarsa ba lafiya. Baba kuwa da ƙafarsa ya tafi tun kafin a kira sunansa. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani game da shi. Ba wanda ya tilasta masa. Ya sha gaya mini ranar da ya fara shiga ɗakin nan ya ga ƙarfe a jibge, shimfiɗaɗɗe kamar tabarmi, kaurinsa ya kai ɗan yatsa. Ya ce tsayawa ya yi yana shafa shi da tafin hannu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana lallaɓar guntun hauya don kada ƙwayar ƙarfe ta salwanta, ga shi gaban abin da zai ishi ƙasar Dakoro duka hauyoyi.

A can ya koyi huda ƙarfe mai kauri, da haɗa faifai biyu da ƙusa mai zafi a daddaƙe kanta kafin ta huce. Shi da Mai Lofe ba su jin harshen juna, amma sun shaƙu irin shaƙuwar masu sana'a ɗaya, wannan ya nuna da hannu, wancan ya gyaɗa kai. Ba da daɗewa ba aka sa shi gaban sauran maƙeran. Rumfarsa ta bakin kasuwa kuwa ta mutu, zuga-zugi ya bushe a rataye. Da bazara ta matso manomanmu suka riƙa tafiya kasuwar Kornaka neman hauya. Inna ta yi masa magana sau ɗaya.

"Maigida, in ba ka yi wa mutane aiki bana ba, wa zai kawo muna dami da kaka?"

Ya ce, "Hauya ba ta ƙarewa a duniya. Wanga aiki ko sau guda ake ganin shi."

Ta ce daga nan ba ta sake ɗaga maganar ba, ta dai ƙara faɗin gayaunarta ta wake.

Da aka gama mota ta farko aka turo ta fili, gari duka ya fito. Ba ta da taga sai 'yan tsagogi da ido kaɗai ke leƙawa. Tana tafiya a hankali, tana nishi, yashi yana cin ƙafafunta. Wata tsohuwa ta ce wannan ai kunkuru ne, sunan ya bi ta. Mai Lofe ya ce za a gwada ta da harsashi, shi zai shiga ciki, ya tambaya ko cikin maƙera akwai wanda ya yarda da aikinsa. Baba ya tuɓe takalmi ya shiga. Aka rufe ƙofa, sojoji suka ja da baya suka yi ta harbi. Inna tana cikin taron da goyon ƙanwata, ta ce ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba. Da aka buɗe, sai ga shi ya fito yana dariya, yana bin jikin motar yana taɓa inda harsasai suka lotsa ƙarfen ba su huda ba. Tun daga ranar kunnensa na hagu bai ƙara ji sosai ba, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sanin wannan ba. In yana ba da labarin har ya tsufa, a nan muryarsa take ɗagawa.

Yau in na bi ta cikin kasuwa na ga samari suna liƙin ƙarfe da wutar lantarki, suna haɗa ƙyaure cikin ɗan lokaci, nakan tuna cewa abin da ya ci wa maƙera goma wata da watanni yanzu aikin mako ne. Baba ya riski farkon wannan sana'a. Bai raina ta ba kamar yadda tsofaffi kan yi. Yakan je ya tsuguna gefe, ya kare ido da hannu, ya yi ta tambaya har yaran su gaji.

Yaƙin da ake jira daga arewa bai zo ba. Aka gama mota ta biyu, aka rasa abin yi da su. Sai wata bazara aka kai ƙarar wasu makiyaya cewa suna ɓoye dabbobinsu ga masu ƙirgar jangali, suna zaune bakin wata rijiya gaba da Azagor. Aka ce Kunkuru ta je. A wajen rijiyar nan zangon su Agali yake.

Abin da ya faru can daga bakinsa na ji, bayan shekaru masu yawa, yana zuba mana shayi. Ya ce ba a harbi kowa ba. Da hantsi suka hangi ƙura, sannan suka ji ƙugi, sannan abin ya bayyana bisa tudu ya tsaya yana fuskantarsu.

"Da gumiye ne, sojan raƙumi, mun san yadda ake yi," in ji shi. "A shimfiɗa mashi tabarma, a ɗora shayi, ya ce ɗari, ka ce hamsin, a rabu kowa da ɗan fushin shi. Wagga ko ba ta da fuska. Ba ka san wa za ka gaida ba."

Mata suka fara kwance bukkoki ba tare da an ce musu ba. Kafin rana ta take, zangon duka ya tashi da dabbobi, suka nufi wata rijiya da suka sani can gabas, a tsakiyar zafin bazara, shanu ba su gama sha ba. Da suka isa suka tarar ta rufta. Suka juya neman wata. Shanu suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyar Agali tsohuwa ce, tana bisa jaki, ba ta kai ruwa ba. Suka rufe ta a gindin wata aduwa. Su kuwa mutanen cikin motar, da suka ga kowa ya gudu, sai suka sha ruwa suka koma Dakoro, suka ce an watse lafiya. Ina zaton har suka bar ƙasar nan ba su san abin da ya biyo baya ba.

Da ruwan farko ya sauka Agali ya iso gidanmu da matarsa da jaki ɗaya da 'yan awaki. Labari ya riga shi zuwa. Baba ya fito, suka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen arewa, aka yi ta'aziyya. Inna tana bayan zana tana ji. Ta ce daga nan sai Agali ya tambaya:

"Nomau, an ce kai ka yi ta."

"Ni na yi ta."

"Ta yi ƙwari," in ji Agali. Sannan ya ce, "To ka ƙera mini hauya. Ban taɓa duƙawa ba, sai in koya."

Baba ya sauko da zuga-zugin da ya bushe, ya shafe shi da mai, ya hura wuta a ranar. Ya yanka wa Agali gefen gonarmu ta yamma, ya ba shi iri, ya nuna masa inda zai kafa bukka. Washegari da safe kuma ya ɗauki masabarsa ya koma wajen Mai Lofe, domin akwai mota ta uku da ba a gama ba. Wannan shi ne abu na biyu da ya kamata a sani game da shi, kuma na daɗe ina jujjuya shi. Da zan so in rubuta cewa ya jefar da masaba ya ce ba zai sake ba. Bai yi haka ba. Ya ci gaba da zuwa har ranar da aka rufe wurin.

Rufewar ba ta jima ba. Maganar mulkin kai ta yi ƙarfi, aka kira Mai Lofe, motoci biyu suka bi shi, ta ukun aka bar ta bisa duwatsu rabinta a lulluɓe. Mu yara a cikinta muka yi wasan ɓuya. Ɗakin ya zama wurin ajiyar gyaɗa, daga baya iska ta yaye kwanon, damina ta cinye katangar. Na sha jin masu son labari mai daɗi suna cewa Baba ya sassare sulken ya ƙera wa talakawa hauyoyi. Ya dai gwada. Ƙarfen ya fi ƙarfin wutar gawayi, ya ƙi ƙeruwa. Wani ɗan kasuwa ne ya kwashi faya-fayan ya yi ƙyamaren shago da su.

Agali ya zama manomi, ba gwani ba. Kunyar gonarsa ba ta taɓa miƙewa ba, kuma har ya tsufa in ya ga garken shanu na wucewa sai ya tsaya da hauya a hannu har su ɓace. Duk ranar kasuwa yakan zo rumfar Baba ya zauna daga safe har la'asar. Sukan yi hirar ruwa da fara da tsadar kanwa. Na zauna kusa da su sau ba adadi, ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci motar ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, su biyun nan kuwa sun riƙe wannan magana da gaske.

Dangin Agali ba su riƙe ta haka ba. Da na fito daga makarantar koyon aikin mushe na nemi auren ɗiyarsa Mariyama, ita ma tana so, sai 'yan uwansa da suka rage a arewa suka zo takanas. Suka ce a al'adarsu ba a ba maƙeri aure, balle ɗan wanda ya ƙera abin da ya kashe musu uwa. Ban ga laifinsu ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, Faransawa sun tafi, mu ne a kusa. Agali ya saurare su har suka gama, sannan ya ce musu shekara da shekaru hatsin gonar Nomau yake ci, in akwai abin ƙi a gidan nan da hatsin ya kamata ya fara ƙi. Aka ɗaura aure. Biyu daga cikinsu ba su sake taka gidansa ba har ya mutu.

Yanzu ga inda zamani ya kawo mu. Autanmu Sani soja ne, yana can yamma inda kowa ya san abin da ke faruwa, kuma a cikin irin waɗannan motoci yake yini. Da ya zo hutu bara, uwarsa ta zaunar da shi tana tambayarsa kaurin ƙarfen motarsu, da ko ƙasanta ma a lulluɓe yake saboda abin da ake binnewa a hanya. Ya nuna mata da yatsu biyu. Ta ce bai isa ba, a ƙara. Mariyama ke nan, wadda kakarta ta mutu a bayan jaki saboda mota ta farko da aka sa wa sulke a ƙasar nan. Ba ta ga wani saɓani a cikin maganarta ba, ni ma ban nuna mata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To me Baba zai ce da ya ji labarin masana'antar nan? Na san shi, ba zan ɗora masa wa'azin da bai taɓa yi ba. Murna zai yi. Zai tambayi inda za a samo ƙarfen, da yadda ake narka shi, da ko za a koya wa yaranmu aikin tun daga tushe ko kuwa ɗaure ƙusa kawai za a bar musu. Da yana da ƙafa, da an same shi a bakin ƙofa tun ana haƙa harsashin gini. Agali ne zai yi ɗaya tambayar. Zai so ya san in babu yaƙi a wata shekara, ina za a tura motocin, kuma ko an koya wa na ciki su sauko su yi sallama kafin mutane su fara kwance bukkoki. Ban ji rediyo ta taɓo wannan ba. Ban ce kada a gina ba, ɗana yana ciki, kuma ƙasar da ba ta iya ƙera garkuwarta kullum a hannun wani take. Na dai ga abin da ƙarfe ya yi ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, shi ya sa nake ganin tambayoyin biyu tare ya kamata a yi su.

In aka auna abin da Baba ya bari, kaɗan ne ake iya taɓawa. Inda ɗakin yake yanzu gidaje ne, masu su ba su san an taɓa yin wani abu a wurin ba. Uwar maƙerarsa, ƙarfen da yake ƙira a kai, tana hannun jikan ƙanensa, wanda ya fi samun abinci da gyaran amalanke. Gonar yamma har yau zuriyar Agali ke nomanta, ba takarda, ba wanda ya taɓa tayar da maganar. Mutum ne mai son sana'arsa fiye da yadda yake tunanin inda za ta kai, kuma da ta kai inda ta kai bai ɓuya ba, bai ɗora wa Bature ba, ya ce shi ya yi. Ya raba gonarsa, bai ce a gafarce shi ba. Ko wannan ya isa, ba ni ke da awon ba.

Agali ya yi shekara shida bayansa. Shi ne ya shiga kabari ya karɓi gawar Baba, da ƙyar aka taimaka masa ya fito saboda gwiwa. Ana saura 'yan watanni shi ma ya tafi, na kai masa goro, na same shi shi kaɗai, sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya yafe wa mahaifina. Ya ɓare goron, ya miƙo mini rabi.

Ya ce, "Bai taɓa roƙo ba, ni ko ban ga dalilin ba mutum abin da bai tambaya ba. Amma ran da muka kai shi, ina cikin ramin ina gyara mashi kwanciya, na hwaɗa mashi. Ban so a tsaida shi can saboda ni."

Allah ya jiƙansu su biyun, ya sa makwancinsu ya yi sanyi, ya dawo mana da 'ya'yanmu gida lafiya.